Kwarin Iva: Abin da Muka Tarar a Tsohon Ramin Kwal na Inugu



Duk wanda ya taɓa ɗora kwalayen banda a Tashar Baga ya bi su Kudu ya san kai kaya mai sauƙi ne, karɓo kuɗin ne aiki. To, haka ta same mu a tafiyarmu ta baya zuwa Inugu. Mun sauke kaya ranar Talata, dillali ya ce kuɗi sai Asabar. Ga mu nan mu uku a gidan fatoma, ba ciniki, ba tafiya. Ranar farko muka cinye ta da barci da hira. Kashegari sai ƙaramin cikinmu, wanda ya ɗan fi mu boko, ya ce shi fa ya gaji da ganin an rubuta Birnin Kwal a jikin motoci da allunan shaguna, alhali ko ɓallin kwal ɗin bai taɓa gani da idonsa ba. Ya tambaye mu inda ake haƙa shi. Muka dubi juna. Shekara ashirin da ɗoriya muna shiga garin nan muna fita, mun san farashin kowane kwali, mun san shingen da ake tsayar da mota da wanda ake wucewa, amma ba mu taɓa tambayar abin da ya kafa garin ba. Wallahi mun ji kunya. Nan take muka tare mai Keke Napep muka ce ya kai mu. Abin da muka gano ne muka kawo wa mujallar unguwa, domin ya shafe mu fiye da yadda muka zata.

Tukuna, saboda yaranmu da ba su taɓa ganin jirgi mai hayaƙi ba: kwal daban, gawayi daban. Gawayi mutum ne ke ƙona itace ya samu. Kwal kuwa baƙin dutse ne da ake sarowa a ƙarƙashin ƙasa. Asalinsa dazuzzuka ne da ƙasa ta binne tun zamani mai nisan gaske, nauyi da zafi suka mayar da su haka. Yana kama wuta, ya fi gawayi zafi, ya fi shi daɗewa. Shi ake zuba wa tukunyar kan jirgi da shebur, ya tafasa ruwa, tururi ya tura ƙafafun ƙarfe. Kafin man fetur ya karɓe duniya, mai kwal shi ke da jirgin ƙasa da jirgin ruwa da wutar lantarki.

A 1909 wani Bature masanin duwatsu, Albert Kitson, ya gano kwal a tsaunukan Udi. A lokacin babu wani birni mai suna Inugu, sai ƙauyukan mutanen Ngwo a saman tudu. Sunan ma daga harshen Ibo ne, ma'anarsa kan dutse. Yerwa tamu an kafa ta a 1907, ke nan ta girmi Inugu, duk da cewa dukansu biyu a zamanin Bature aka zana su. Har zuwa wannan lokaci jiragen ƙasan Najeriya da kwal ɗin Ingila suke tafiya, ana shigo da shi ta teku da tsada. Da aka samu na gida sai gwamnatin Lugga ta ƙudura fitar da shi ko ta halin ƙaƙa. Aka nemi bakin ruwa mai zurfi, aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, aka sa mata sunan Lewis Harcourt, sakataren da ke kula da ƙasashen da Ingila ke mulka. Wani abokin fataucinmu ya dage wai daga kwal aka samo sunan Fatakwal. Ba haka ba ne, bakin Bahaushe ne ya lanƙwasa sunan Bature, sai dai kuskuren nasa ya faɗa kusa da gaskiya, tunda don kwal aka gina ta. A 1915 aka fara haƙa a ramin Udi, a 1916 layin dogo ya iso daga Fatakwal, a 1917 aka buɗe ramin Kwarin Iva.

Ramukan na gwamnati ne, ba na kamfani ba. Da farko mutane ba sa son shiga, don wa zai bar gonar doya ya shiga cikin ƙasa da ransa? Sai Bature ya bi ta kan sarakunan da ya naɗa da takarda, mafi shahara a cikinsu Onyeama na Eke, su ke tattaro matasa daga ƙauyuka su turo rami, su ma su sami nasu rabo. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Akwai gidaje a unguwar nan da kakanninsu suka sha diban gwamna, lokacin yaƙin Hitila, daga 1942 zuwa 1944, da aka riƙa kwasar mutane daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos, sanyi da yunwa suka kashe da dama. Kuma ramukan biyu a haɗe suke da igiya ɗaya. Layin dogon da ya tashi daga Inugu ya bi ta Makurɗi ya kai Kafancan da Jos a 1927, aka gama gadar Binuwai a 1932, kwal yana hawa Arewa, kuza tana gangarawa teku. Inda dogo ya bi kuwa Bahaushe na biye. Mahauta, fataken shanu, masu goro, dukawa da malaman allo suka sauka Inugu suka yi zango, mutanen gari suna kiran wurin Ama Awusa, wato unguwar Hausawa. Daidai yadda Barebari suka ce Hausari.

Mai keken ya fara tsayawa da mu a shataletalen Sabuwar Kasuwa, inda aka kafa gumakan tunawa da mahaƙan da aka harbe. Mu ba ma'abota gunki ba ne, kowa ya sani, amma mun tsaya mun duba, don sau nawa muka wuce ta wurin a kan lodi muna zaton ado ne kawai. Daga nan hanya ta gangara. Kwarin yana gindin tsaunin nan da motocin Arewa ke saukowa ta kansa idan sun baro Mil Tara, mai lanƙwasa kamar maciji, wanda direbobinmu ba sa son a yi musu hira a kansa. Muna gangarawa hayaniyar gari tana raguwa, iska tana yin sanyi, kwalta tana ƙarewa.

Kada mu yi muku ƙarya, kwarin bai zama kufai ba. Akwai mutane, akwai yara masu tallar ruwa, akwai coci-coci da 'yan shaguna. Abin da ya mutu shi ne aikin da ya tara su. Ga layukan gidajen leburori nan, ɗaki ɗaya ɗaya jere kamar shagunan kasuwa, kwanon ya yi tsatsa har ya koma kalar ƙasa, kowa ya liƙa nasa ƙarin da katako da buhu. Ga ƙarafa a cikin ciyawa waɗanda 'yan jari-bola ba su iya ɗauka ba. Babu mai sayar da tikiti, babu mai yi wa baƙo jagora. Da muka tambayi wasu samari inda bakin ramin yake, ɗaya ya nuna gabas, ɗaya ya nuna yamma, na ukun ya ce mu je wurin wani tsoho da ke zaune a gindin mangwaro, shi ne ya sani.

Dattijo ne da ya haura tamanin, idonsa ya fara farin ruwa, amma kansa garau. Muka gaishe shi da Turancin buroka irin wanda kasuwa ta koya mana, muka ce, "Baba, baƙi ne daga Maiduguri." Ya ce, "Alhaji, me kuka zo saye? Babu abin sayarwa a nan." Muka ce labari muka zo ji. Ya yi shiru, sannan ya sa aka kawo mana benci.

Ubansa mai sara ne a ramin Iva, shi ma ya gaje shi, ya yi aikin rami har ƙarfinsa ya ƙare. Ya ce rami hawa-hawa ne kamar kasuwa. Akwai mai sara, shi ne ke gaba da diga, wani lokaci a durƙushe, wani lokaci a kwance ta gefe saboda rufin ya yi ƙasa. Akwai mai tura akwatin ƙarfe a kan ƙaramin dogo. Akwai mai kafa gungume ya tokare rufi don kada ya rufto. Akwai mai sa nakiya. Mai sara da yawan akwatin da ya cika ake biyansa, saboda haka idan mai turawa ya yi sanyi, tuwon gidan mai sara ne ya ragu. Zafi kuwa, ya ce mutum kan cire komai sai ɗan bante, gumi na zuba cikin takalmi, ruwa na ɗiga daga sama, iska ba ta isa. Ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar ƙwandala mai lamba da huji. Ita ake bayarwa a karɓi fitila, idan an fito a mayar da fitila a karɓe ta. In dare ya yi aka ga ƙwandalar wani tana rataye, to mai ita yana ƙasa, sai a shiga nema. Ta ubansa ce. Ya bar mu muka taɓa, bai bari ta daɗe a hannunmu ba.

Jikansa ne ya kai mu bakin ramin. Sai da muka ratsa ciyawa mai kai wa ƙirji. Ramin ba rijiya ba ne kamar yadda muka zata, kogo ne da ya shiga cikin cikin dutse a kwance, bakinsa ya toshe da ƙasa da saiwoyi, ruwa mai ja-ja yana tsiyaya daga ciki. A gefen rafin yaron ya tsinto mana ɓallin kwal. Ƙaramin namu ya juya shi a hannu ya ce, "Yanzu wannan ne?" Muka ce shi ne. Baƙi, mai ɗan sheƙi, bai kai nauyin dutsen da ya yi girmansa ba.

Da muka dawo gindin mangwaro sai dattijon ya shiga maganar 1949, kuma a nan ne zaman ya yi nauyi. Abin da za mu faɗa yanzu mun haɗa nasa da abin da ke rubuce a tarihi.

Asalin rigimar kuɗi ne da wulaƙanci. Hukumar ramin ta daɗe tana rubuta leburori fiye da waɗanda take buƙata a rana, mutum ya taso tun asuba daga ƙauye a ce masa yau babu gurbinsa, ya koma ba ko anini. Ma'aikata suka ce suna bin bashin waɗannan kwanaki, suka kuma nemi ƙarin lada da alawus irin wanda ake ba Turawa. Ga shi an gama yaƙin duniya, kaya sun yi tsada, sojojin da suka dawo daga Bama sun ga Bature yana jin tsoro yana mutuwa kamar kowa. Sakataren ƙungiyar mahaƙan, Okwudili Ojiyi, mutum ne mai taurin kai, wanda wani Baturen rami ya taɓa mari, ya kai shi kotu aka ci Baturen tara. Shi ya koya musu wata dabara: kada a bar aiki, a dai yi shi da sanyin jiki, akwatin da ake cikawa goma a cika biyu. A farkon Nuwamba suka fara. Hukuma ta kori masu sara, su kuma suka ƙi fita, suka tare a ramin don kada a kulle ƙofa a ɗebo wasu. Matansu suka yi zanga-zanga a ofis har aka fasa tagogi.

Gwamnati a lokacin tana tsoron samarin da ke bin Azikiwe, masu cewa a kori Bature da ƙarfi. Sai ta ce kada nakiyar da ke rumbunan ramuka ta faɗa hannunsu, a je a kwashe. A ramin Ogbete aka kwashe lafiya. A Iva mahaƙa suka taru suka ƙi taimakawa, domin a ganinsu in aka ɗauke nakiya an rufe rami ke nan, abincinsu ya ƙare. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, ranar Juma'a ce, babban Sufuritandan 'yan sanda, Bature mai suna F. S. Philip, ya ga taron yana waƙa yana matsowa, ya ba da umarnin harbi, shi ma ya harba. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni, da yawansu a baya harsashi ya same su. Babu mai bindiga a cikinsu.

Labari ya bazu, tarzoma ta tashi a Aba da Fatakwal da Anaca da Kalaba. 'Yan siyasar da ba sa ga maciji da juna suka haɗu a kwamiti ɗaya na gaggawa. Gwamna Macpherson ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Fitzgerald, wanda ya ce Philip ya yi kuskuren hukunci, kuma maganar ta tsaya a nan, ba a gurfanar da shi a kotu ba. A 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Najeriya ta karɓi ramukan. Masana tarihi suna lissafa wannan rana cikin abubuwan da suka gaggauta tafiyar Bature, shekara goma sha ɗaya bayanta aka sami 'yanci.

Dattijon yana ɗan shekara bakwai lokacin. Ya ce abin da ya riƙe shi ne gudun mata zuwa kwari da kururuwa, da yadda ubansa ya dawo gida da dare ba riga, ya zauna bai ce komai ba har gari ya waye. Sannan ya juyo ya dube mu da farin idon nan ya ce, "Alhaji, ka san waɗanda suka riƙe bindigogin? Mutanenku ne. Daga Arewa aka kawo su."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Amma benci ya yi mana zafi. Kuma gaskiya ya faɗa, rubutaccen tarihi ya nuna an kawo 'yan sanda daga Arewa don wannan aiki. Ɗaya daga cikinmu ya fara cewa ai umarni aka ba su, muka taɓa shi ya yi shiru, don ba wurin kare kai ba ne. Haka ne, dabarar Bature ce tun zamanin Gilo da dakarunsa na Hausawa a Ikko: ya ɗauki ɗan wannan yanki ya horar da na wancan, wanda ba ya jin harshensu, ba ya jin me suke waƙa, ba shi da ƙanwa a cikinsu. Haka ne kuma su ma 'ya'yan talakawa ne da albashi ya kai su. Duk da haka yatsan da ya ja kunamar bindiga yatsa ne, kuma mu da muke son a riƙa tuna alherin kakanninmu a garuruwan mutane ba mu da ikon zaɓar wanda za mu gada mu bar saura. Abin da muka iya ce masa shi ne, "Baba, ba mu taɓa jin wannan ba sai yau. Allah ya ba ku haƙuri." Ya ce ya wuce.

Shi da kansa ne kuma ya kawo ɗaya rabin. Ya ce, "Amma kun san Umaru Altine?" Ƙaramin namu kaɗai ya taɓa jin sunan. Malam Umaru Altine Bafillace ne daga Sifawa ta ƙasar Sakkwato, falken shanu, ya zauna Inugu, ya shiga jam'iyyar NCNC ta Azikiwe. Da aka ɗaga darajar garin a 1956, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko, kuma ƙuri'a ce ta ba shi, ya riƙe har 1958. Ku auna: shekara bakwai kacal bayan harbin Iva, garin da mahaƙan kwal suka cika ya ɗora baƙo ɗan Arewa, mai sallah, a kan kujerarsa mafi girma. Har ɗaya daga cikin ramukan da aka buɗe daga baya sunan Ribaɗu aka sa masa, wato Alhaji Muhammadu Ribaɗu na Adamawa, wanda ya riƙe ma'aikatar ma'adinai ta tarayya kafin ya zama ministan tsaro. Mu da muke zaune a garin Shehu shekara da shekaru, muna aure da Barebari muna binne juna, amma har yau in maganar takardar asali ta taso sai a tuna mana daga inda kakanmu ya zo, mun san nauyin wannan abu. Mun kuma san bai ɗore ba. A 1966 aka kashe 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka gudu gida, Hausawan Gabas su ma suka kwaso abin da hannu zai iya ɗauka suka yo Arewa, dogon da ya kai kowa neman abinci shi ya mayar da shi.

Mutuwar kwal kuwa ba dare ɗaya ta zo ba. Shekarar da aka fi haƙa shi ita ce 1958 zuwa 1959, sama da tan 900,000. Amma tun 1956 an sami man fetur a Oloibiri, kuma babban mai sayen kwal, wato Hukumar Jiragen Ƙasa, ta fara sauya kawunan jirage zuwa masu shan gas. Masu wutar lantarki su ma suka juya, ga madatsar Kainji ta zo a 1968. Duk ɗan kasuwa ya san halin wanda ke da mai saye ɗaya tak. Sai yaƙin basasa: Inugu ta zama hedikwatar Biyafara a 1967, sojojin tarayya suka kama ta a watan Oktoba na shekarar, aka bar ramuka ba mai zuƙe ruwa, suka cika. Bayan 1970 an yi ta ƙoƙarin tayar da su, an sayo injuna daga waje, abin bai koma yadda yake ba, zuwa farkon shekarun 2000 haƙar ta tsaya. Kwal ɗin bai ƙare ba, yana nan a ƙarƙashin gidajen mutane. Ana ma haƙa shi a wasu wuraren, kamar Maiganga ta jihar Gwambe da ke ciyar da masana'antar siminti ta Ashaka, da Anu Araren ta ƙasar Agadas a Nijar.

Muna zaune a wurin sai tashar jirginmu ta Maiduguri ta faɗo mana a rai. A 1958, daidai lokacin da kwal ke kan ganiyarsa, Bankin Duniya ya ba Najeriya rancen dala miliyan 28 don aikin dogo, aka fara shimfiɗa layin Barno daga Kuru kusa da Jos, ya bi ta Bauci da Gwambe, wajen kilomita 640, ya iso Maiduguri a 1964. Wato dogo ya iso mana ne lokacin da abin da ya haife shi ya fara ciwon ajali. Iyayenmu sun ci arzikinsa: gyaɗa, fatu da ƙiraga, shanu da banda suna tafiya, goro da gishiri da atamfa suna zuwa. Mu da muka haura hamsin mun ji kukan jirgin nan da kunnenmu, mun yi dakon kaya a tasha muna yara. Yau ku je ku duba. Ku tambayi yaro ɗan shekara goma sha biyar a unguwar nan me ake yi a wurin, sai ya nuna muku gabas, abokinsa ya nuna yamma.

A can ƙasar Turawan da suka buɗe Iva ma kwal ya mutu. Babban ramin kwal mai zurfi na ƙarshe a Ingila, Kellingley, an rufe shi a Disambar 2015. Sai dai su da rami ya mutu ba sa barin ciyawa ta ci shi duka. A yankin Wales akwai wani da ake kira Big Pit, a garin Blaenavon, wanda aka mayar gidan tarihi a 1983. Tsofaffin mahaƙa ne ke sa wa baƙo hular kwano da fitila su sauka da shi wajen mita 90 cikin ƙasa, suna nuna masa inda suka yi aiki, ana biyansu. Da dattijon Iva a can yake, da ƙwandalar ubansa tana cikin gilashi, shi kuma yana da albashi. A nan tana cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, kuma ranar da ya rufe ido jikan da ya kai mu rami ba lalle ya san ta mece ce ba.

Ba za mu zargi mutanen Inugu ba, don mu ma gwanayen bari ne. Ƙasar Barno cike take da garuruwan da suka tashi: Birnin Gazargamu da ya faɗi a 1808, Kukawa da Rabe ya rusa a 1893. Waɗannan ma sun yi sa'a, garuruwan sarakuna ne, malamai sun rubuta su. Garin lebura da masunci da ɗan dako fa? A cikin masu karanta wannan akwai waɗanda suka baro Baga da Doron Baga da tungayen cikin tafki a watan Janairun 2015 da kayan jikinsu kawai. Kowace tunga tana da sunanta, da wanda ya fara kafa bukka, da limaminta, da sarkin ruwanta, Kabawa ne ko Haɗejawa ko Zabarmawa. Wasu an koma, wasu ba a koma ba, kuma masu riƙe da sunayen suna ta raguwa, mu muke yi musu sallah. Nan cikin gari ma, gobarar Kasuwar Monday ta 26 ga Fabrairu, 2023, ta cinye littattafan bashi da rasiɗan da wasu suka gada tun daga iyaye. Ruwan Alau na 10 ga Satumba, 2024, ya shiga ɗakuna ya jiƙa abin da ya saura, hotuna da takardun gida da wasiƙun ajami da ke cikin adaka. A gidanmu mun shanya wasu a kan kwano, tawadar ta riga ta narke.

Da za mu tashi mun ba dattijon ɗan abin da ya sawwaƙa da ƙullin banda biyu. Ya karɓi kifin ya mayar da kuɗin, ya ce labarin ubansa ba na sayarwa ba ne. Ya ce in mun koma mu gaya wa mutanenmu mun zo Iva. Muka ce za mu faɗa. Dillali bai cika alkawarin Asabar ba sai Litinin, wannan kuma wani labarin ne.

Ɓallin kwal ɗin yana shagonmu a kan kanta, duk mai son gani ya biyo bayan la'asar. Yara biyu sun riga sun tambaya ko kwalli ne. Makon da muka dawo muka sayi babban littafi mai bangon kwali, irin na rubuta bashi, muka je wurin wani dattijo a layin bayan masallaci wanda ya yi aikin reluwe tun ana kawo shanu tasha a ƙafa. Muka ce ya ba mu sunayen fatomomin da ya sani a Hausari, da garin da kowa ya fito, da wanda ya fara kafa rumfa a ina. Ya lissafa goma sha ɗaya a zama ɗaya, ya tsaya a na sha biyu, ya ce sunan yana bakinsa ya ƙi fitowa, amma matar mutumin tana da rai a Gwange, wurin 'yarta. Ya ce mu dawo ranar Asabar da biro mai kyau, zai sa jikansa ya raka mu.